Goro a Saint-Fons, Ango a Kan Ƙanƙara

Zuwa ga ƙanena Hamisu, autan gidanmu,
can ƙarshen duniya ta kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk waɗanda Ya haɗa ku zama a wannan wuri. Ina gajiya? Yaya sanyi, yaya aiki, yaya haƙurin nesa da gida? Mu nan Sevran, gefen Paris, sai godiya. Maigidana Alhaji Maman yana gaishe ka, yara suna gaida kawunsu. Mutanen unguwar Château Rouge kuwa, ba ranar da za ta fito ta faɗi ba a leƙo kantina an tambayi labarin mutumin ƙanƙara ba.

Ka san rubutu ba sana'ata ba ce. Lakwal ɗin da na yi, wato boko, bai wuce na karanta takardar kaya da gane in ana shirin cuta ta ba. Amma saƙonnin da na aika maka sun fi a ƙirga, amsarka kullum layi biyu ce: lafiya lau Yaya, aiki ya yi yawa. To, yau na shimfiɗa maganar a shafina inda kowa zai gani, ɗiyata Zara kuma za ta tura maka ta hanyar da kuke samun saƙo. A kasuwa na koyi cewa cinikin da ba shaida, da gari ya waye ya zama hira. Kada ka ce na tona asiri. Wadda maganar ta fi shafa ita ta fara karantawa, ta gyara mini wasu kalmomi, ta ce in saka.

Kafin in shiga abin da ya kawo ni, bari in yaba wa manyan ƙasashen duniya, don wanda ya yi abin yabo a yaba masa. Ni da nake taƙama na san ciniki, ashe ko 'yar koyo ban kai ba.

Ka tuna ranar da ka zo kantina ana gobe za ka tafi, ka ture mini bandir ɗin atamfa gefe, ka shimfiɗa taswira a kan teburin yanka? Fara fat, kamar an ɓarar da nono a tabarma. Ka ce wannan ita ce Antaktika, ta ninka Nijar sau da yawa, ba gari, ba rijiya, ba itace ko ɗaya, ba kushewar kakan kowa. Duk da haka ƙasashe bakwai sun sa wuƙa daga tsakiya sun yayyanka ta kamar kabewa a kasuwa. Ka nuna mini rabon Faransa: ɗan siriri, a matse tsakanin manyan yanka biyu na Ostireliya, irin wanda mai kabewa ke miƙo maka gyara. Ka nuna mini wani yanki da ƙasashe uku kowace ke rantsuwa nata ne, wato an sayar wa mutum uku jaki ɗaya. Ka nuna mini wani gefe da ba wanda ya ce yana so, saboda nisa, ko ɓarawo bai tanka masa ba. Amirka da Rasha kuma, ka ce, ba su yarda da rabon kowa ba, ba su kuma ce sun haƙura ba. Suna tsaye dai a bakin rumfa, hannu a aljihu.

Na tambaye ka yadda mutum ke nuna wuri nasa ne in ba gona ba shinge. A nan ne na sara musu. Wai wasu gidan waya suka buɗe, suna buga kan sarki ana liƙa wa wasiƙa, a ƙasar da ba mai aika wa maƙwabcinsa gaisuwa. Wasu mace mai tsohon ciki suka ɗauka a jirgi suka kai, don ta haihu a can a ce ga ɗan ƙasa. Wasu kuma, tun zamanin da, ba su ma wahalar da kansu da sauka ba, daga jirgin sama suka riƙa jefo tuta, suka juya gida suka ce sun mallaka. Kai, Allah Ya ƙara basira! Da na san haka ake yi, da tuni na hau saman bene na jefa ɗankwalina a kan babban kantin nan na kusa da tashar jirgi ta gare du Nord.

Daga ƙarshe, ka ce, da suka ga abin zai zama faɗa, sai suka zauna suka yi yarjejeniya: kowa ya riƙe maganarsa a bakinsa, ba mai ƙarawa, ba mai janyewa, ba bindiga, sai bincike kawai. Ka ce an daskarar da maganar, za ta iya zama haka shekara da shekaru ba ta lalace ba. Kana faɗa kana murmushi kamar da alƙalaminka aka rubuta.

Ni kuwa dariya na yi, na ce maka ai wannan dokar bakin metro ce, mun riga su.

Kai shaida ne. Lokacin da ka iso Faransa karatu, farkon shekarun dubu biyu, ba ni da kanti. Kwali nake kifawa a bakin matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in jera kilishi da yaji da kuka da turaren wuta. Dama da ni Mama Selestin 'yar Kwango da 'ya'yan itacen ƙasarsu, hagu Fanta 'yar Mali da dafaffiyar masara. Titi na gwamnati ne, ba mai takarda ko guda. Ba wadda ta taɓa buɗe baki ta ce nan wurina ne, amma ba wadda ta taɓa kifa kwalinta a kan na wata. In 'yan sanda suka ɓullo, kasuwa ta naɗe cikin ƙiftawar ido. In suka wuce, kowa ta koma daidai inda take, ko taku ɗaya ba a gocewa. Ba mu je wani babban birni mun sa hannu ba, amma mun zauna lafiya.

Sai dai akwai sharaɗin da taswirarka ba ta nuna ba. Da na haifi Zara, kai ka riƙe mini wurin. Kana zaune a kan bokiti da littafin kimiyyarka a cinya, mai saye na tsaye yana sallama ba ka ji ba. Kilishin da ka bayar kyauta ya fi wanda ka sayar. Da na koma, Fanta ta ce mini, "Balki, ƙanenki bai iya ciniki ba ko kaɗan, amma ba komai, zama shi ne riƙon wuri." Ita kuwa wata 'yar Sanagal da ke can ƙarshen layi, da ta tafi gida, dutse ta ajiye a wurinta ta ɗaura masa tsumma. An girmama dutsen nan wata ɗaya, an girmama shi wata biyu. Da ta dawo bayan shekara, mai sayar da katin waya ta tarar. Ta kawo ƙara wurin Mama Selestin, ita ce babbarmu. Tsohuwar ta dube ta ta ce, "Ma chérie, dutse ba ya gaisuwa."

Su ma manyan sun san da haka, shi ya sa ba su tsaya a kan tuta ba. Ai shi ya sa suka kai ku. Kai kana cewa iska kake aunawa, na kuma yarda, mu da muka taso muna auna gero da tiya Allah Ya ba mu ɗa mai auna iska. Amma ni da na ga an gina ɗakuna an zuba mutane ana ciyar da su shekara guda a inda ko ciyawa ba ta fita, na san ɗan zaman kwali in na gan shi. Hamisu, Faransa bokiti ta ba ka.

Ba ina raina aikinka ba ne. Hoton nan da ka aiko, kana tsaye cikin jar riga mai kumburi, gemu ya yi fari da ƙanƙara, tsuntsayen nan marasa tashi sun kewaye ka da baƙar kwat da farar riga kamar masu rabon abinci a otal, na sa an wanke shi babba na liƙa a bayan teburina. Duk wadda ta sayi yadi sai na nuna mata, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba.

Wani lokaci in na dube shi sai in tuna Damagaram. Bayan rasuwar Inna, kana ɗan shekara huɗu, ni nake goya ka in tafi tasha sayar da ruwan sanyi da lamurje. Ƙanƙara guda nake saye da safe, in naɗe ta a buhu don kada ta narke. Kai kuma ka zame ta baya ka ɓanɓari 'yar ƙwarya ka cusa a baki, kumatu ya kumbura, ruwa na bin haɓa, in tambaye ka me kake ci ka girgiza kai. Ban taɓa dukanka a kai ba. Ina ganin tun a lokacin aka ɗaura muku aure, kai da ƙanƙara.

Amma fa ka manta sanyinka na farko a Sevran. Safa ka sa a hannu, ka ɗora rigar sanyina mai furanni a kan taka, ka tsaya a bakin jirgin RER kana rawar ɗari, kana ce mini, "Yaya, anya mutane aka yi wa ƙasar nan?" Yau kai ne a inda da gaske ba mutane aka yi wa ba, har kana neman ƙari.

To, ga abin da ya kawo ni.

Da ka gama karatu a Lyon ka samu aiki a Saint-Fons da ke gefenta, cikin masana'antun nan masu hayaƙi, kai da bakinka ka kira ni ka ce ka ga yarinya. Mariyama, ɗiyar Alhaji Manzo mutumin Maraɗi, wanda ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar da kake auna mata hayaƙi. Ka ce ka shiga farmasi sayen maganin mura, ita ce ta ba ka, ta kuma hana ka rabin abin da ka nema, ta ce ba ka buƙata. Na ce a raina, mai hana ciniki don gaskiya, wannan a riƙe ta.

Mu muka kai goro. Ni da Alhaji Maman da dattijai biyu, da alawa da dabino da kayan na gani ina so, muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ina rungume da kwandon goro kamar jariri don kada ɗumin jirgi ya busar da shi. Aka karɓe mu hannu bibbiyu a falon Alhaji Manzo, hawa na shida, ta taga ana hango bututun hayaƙi jere. Aka yi fatiha, aka raba goro, aka ce biki sai ka dawo daga tafiyar da ke gabanka. Shekara guda da 'yan watanni. Mariyama ta yarda da bakinta, don ta san abin da tafiyar take a wurinka. Ita ce ma ta saya maka safar ulu.

Tun ranar da ka tafi, wa kake tsammani ke zaune a kan bokitinka? Duk wata sai na rufe kanti ranar Lahadi na hau jirgin Lyon. Ƙaramar salla na kai toshi, babbar salla na kai toshi da cinyar rago. Da ƙafar Hajiya, mahaifiyarta, ta kumbura, ni na kai man zafi na zauna na matsa mata. Da Alhaji Manzo ya yi bikin barin aiki, ni na soya cincin har hannuna ya yi kanta. In aka tambayi labarinka, layi biyun nan naka nake ja kamar ƙosai a bakin mai, in ƙara gishiri, in ce ka gaida kowa da sunansa. Ni ce tutarka a Saint-Fons, ni ce gidan wayarka, saura kaɗan a ce in je in haihu a can. Ban gaji ba, zumunta a ƙafa take, kuma yarinyar ta shiga raina. Har ta koya mini yadda ake shan maganin hawan jini ba yadda nake sha ba. Amma ba ni ta ce tana so ba.

Kuma bari in gaya maka, tunda kai ka koya mini siyasar duniya, Amirka ta iso unguwar. Wani likita ne, ɗan Tawa, dogo, mai natsuwa. Bai ce yana so ba, bai ce ya haƙura ba, goronka kuma bai ce ya gani ba. Kowace Juma'a dai shi ke ɗauko Alhaji daga masallaci a motarsa, ya riƙe masa leda har ƙofar lif. Mariyama ko kallo bai ishe ta ba, wannan na tabbatar, na sa ido irin na mai kanti. Na faɗa maka ne kawai don ka san duniya ba ta daskare ba don kai ka daskare.

Muna nan muna ƙirga saura kaɗan, Alhaji ya fara ɗaure kaya don da sanyin nan ya wuce zai koma Maraɗi gaba ɗaya, yana so ya ga auren ɗiyarsa kafin ya tashi, sai ga saƙonka. A karon farko ya wuce layi biyu. Wai wanda zai canje ka ya kwanta rashin lafiya, wai ba a saba yin haka ba amma sun roƙe ka ka ƙara shekara, wai aikin da ka faro zai lalace in ba mai kula. Sannan ka kawo dabara: tunda shari'a ba ta ce sai ango yana nan ba, Alhaji Maman ya zama wakilinka, a ɗaura aure yanzu, tarewa sai ka dawo. Ka rufe da cewa ta haka ba wanda ya yi asara.

Na karanta na sake karantawa. Na ce wannan yaro, ashe ba iska kaɗai ya koyo a can ba, har da jefo tuta daga sama.

Duk da haka na kai saƙon, don aike ba ya zaɓen abin da zai faɗa. Alhaji Manzo ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Hajiya Balki, maganar yaron ba ta saɓa ba. Ni ma da aka ɗaura nawa ina kan hanya daga Agadas, sai goro na tarar." Hajiya matarsa tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Amma kwana uku ka yi a hanyar, Alhaji." Dattijan masallaci da aka tuntuɓa duk sun ce ya halatta, har wani ya ce wannan yaro mai hankali ne, ya san ya kama abinsa. Da maza kaɗai ake aure, da yanzu kai ango ne.

Mariyama ta kwashe kofuna daga gaban mahaifinta. Sai da muka shiga kicin tana wanke kofuna ina gogewa, ta kashe famfo ta juyo. Zan faɗa maka yadda ta faɗa, ban ƙara gishiri ba wannan karon.

Ta ce, "Yaya, na san shari'a ta yarda. Ba shari'a nake tambaya ba, shi nake tambaya. Shekarar farko tare muka shirya ta, shi ya sa ban yi ƙorafi ba. Wannan ta biyun shi kaɗai ya shirya, sannan ya aiko a ɗaure ni kafin in buɗe baki. Franchement, Yaya, ni ba naman layya ba ce da za a sa a frigo a rubuta suna a jikin leda."

Na yi dariya, don ta ba ni dariya, amma da na dube ta idonta ya cika. Ta goge da bayan hannu ta ci gaba. Ta ce in kana cikin jirgin ruwa na ƙarshe da zai taso kafin teku ta rufe, ita da kanta za ta je filin jirgi taryenka, ko ƙarfe nawa ne. In ba ka ciki, ba faɗa ba gaba, za ta roƙi babanta ya mayar da kaya, ta bi iyayenta gida, dama akwai farmasin da ke nemanta a Yamai. Ta ce kada in ɗauka barazana ce. Na ce ban ɗauka ba. Shekara ashirin ina kallon fuskar masu saye, na san mai tafiya don a kira shi a rage masa, na san mai tafiya da gaske.

Hamisu, ka ga inda lissafinka ya goce? Yarjejeniyar da kake yabo ta yi aiki ne saboda abu guda: ba a tambayi ƙanƙara ba. Ba ta da baki. Ƙasa bakwai su ce tasu ce, ƙasa saba'in su ce ba tasu ba ce, ita tana kwance abinta, shekara ɗari duk ɗaya ne a wurinta. Ko bakin metro ɗinmu haka yake, daɓe ne, bai taɓa cewa ya fi son Fanta a kaina ba. Kai kuma ka ɗauko dokar da aka yi wa wurin da ba kowa, ka ɗora wa gidan da akwai mutum a ciki, tana tashi da asuba tana zuwa aiki, tana duba waya kafin ta kwanta.

Kada ka zaci ban san abin da ya riƙe ka ba. Na sani, auta. A cikin duk saƙonninka akwai layi guda da na sa Zara ta kwafe mini. Ka ce wannan ne wuri na farko tun da ka bar gida da ba wanda ya tambaye ka asalinka daga ina, don kowa baƙo ne. Ba mai tsayar da kai a bakin jirgi ya ce fito da takarda, ba mai kallon sunanka a kan neman aiki ya ajiye gefe. Na karanta na tsaya ina maimaita shi a kanti har mai saye ta gaji ta fita. Ni ma na san wannan gajiyar. Shekarun da na yi ina naɗe kwali ina gudu ba su fita daga gwiwata ba. In akwai ƙasar da ba ta kowa ba, dole ɗan ci-rani ya ji kamar tasa ce.

Amma ba taka ba ce, kai ma ka sani. Ranar da suka gama da kai za su sa wani a bokitin, su ba ka takardar yabo, ƙanƙara kuma ba za ta san ka taɓa taka ta ba. A Saint-Fons kuwa akwai wadda ta san takunka tun daga matakala. Ba ta tambaye ka takarda ba, ba ta tambayi asalinka ba, abu guda ta nema: ka zo da ƙafarka. Injinan aunawarka in sun lalace, masu kuɗi ne suka saye su, za su sayi wasu. Iskar ma ba inda za ta, tana nan tana kaɗawa.

Ba zan ce maka ka yi don ni ba, ko da yake na isa in ce. Bayan da ya goya ka bai gama ciwo ba. Ba kuma zan yi fushi da kai ba in ka zaɓi zama, ɗan'uwa ba a mayar da kayansa. Sai dai ka sani, in ka zauna, ba zan ƙara hawa jirgin Lyon da sunanka ba. Zan je, amma don in taya ta ɗaure kaya. Wannan shawarar taka ce, kai kaɗai, kuma ba ni za ka ba amsa ba. Ka kira ta. Na ji an ce akwai waya a tasharku, tsada ce kawai gare ta. Ka biya. Ka bar ta ta yi magana har ta gama, kada ka kawo mata taswira.

Allah Ya tsare mini kai daga sanyi da duhu da kaɗaici. Allah Ya kiyaye ƙafarka a kan santsi, Ya kiyaye jirgin da zai ɗauko ku a kan teku. Allah Ya haska maka abin da ya fi alheri, Ya ba ka ƙarfin zuciyar bin sa. Allah Ya saka wa Mariyama da iyayenta da alheri a kan haƙurin da suka yi da mu. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya sa suna cikin rahama, Ya haɗa fuskokinmu da alheri tun muna da sauran ƙarfi. Amin.

Taka har kullum,
Yayarka, Balki
Château Rouge, Paris.

Af, na kusa mantawa. Akwai wata farar shadda, mai nauyi, irin wadda ba ta zuwa sau biyu, na ɓoye ta a ƙarƙashin tebur don babbar rigar ango. Wata hajiya 'yar Bamako ta hango gefenta, ta sa na fito da ita, ta yi tayi mai kyau. Na ce albarka. Ta dawo ta ƙara, na sake cewa albarka. Ta ce ranar Asabar za ta leƙo, kuma ita ba mai zuwa sau huɗu ba ce. In ta zo, in ce albarka, ko in sallama?